Don Allah a daina rubuta "elder than"

Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ya gama digiri, ya zauna rubuta takardar neman aiki, sai ka ga ya rubuta "he is elder than me". Haba! Kalmar "elder" ba ta tafiya da "than". Wurinta gaban suna ne, galibi tsakanin 'yan uwa: "my elder sister". In kana son cewa wani ya girme ka, "older than" za ka rubuta, kuma ita ce ke aiki a kan mutum da mota da gini duka.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne "senior than". "Senior" da "junior" daga Latin Turanci ya aro su, kuma da ma can kwatanci ne a cikinsu, shi ya sa suke ɗaukar "to": "she is senior to me". Amma har manyan ma'aikata suna sa hannu a kan wasiƙa mai ɗauke da "he seniors me", alhali kalmar ba aikatau ba ce ko kaɗan.

Ga kuma masu "more older", kwatanci biyu a wuri ɗaya.

Sai maganar tazarar shekaru. "Older than me with 3 years" kuskure ne. Ko dai "3 years older than me", ko "older than me by 3 years". Malamai ma suna ganin wannan a littafin ɗalibi su wuce ba gyara, yaron ya girma da shi har ya koya wa wasu.