Ta faɗi a Landan, ta miƙe ta ƙarasa

'Yan uwana matasa, Allah ya sa muna lafiya. Wani abu ne yake cin raina kwana biyun nan, yadda muke saurin zubar da makamai. Yaro ya rubuta JAMB sau ɗaya bai samu maki ba shikenan karatu ya ƙare, wani ya kafa 'yar sana'a jari ya karye a wata shida sai ya dawo majalisa yana cewa ai an yi masa asiri ne ko ƙasar ce ta lalace, haba jama'a.

Akwai wata 'yar tseren Jamus, Gesa Krause, an haife ta a 1992. Tseren da take yi mita 3000 ne amma ba gudu zalla ba, sai ka tsallake shinge sau 28 sannan ka tsallake ramin ruwa sau 7, kuma shingen nan katako ne mai nauyi, in ka buge shi ba ya faɗuwa, kai ne za ka sha ƙasa. A irin wannan tseren 'yan Kenya ne suka daɗe suna cin karensu babu babbaka, ita kuwa maimakon ta ce ai waɗancan a jininsu yake, sai ta riƙa tattara kayanta tana tafiya can Kenya kan tsaunuka tana atisaye a inda suke yi. A 2015 a Bejin ta zo ta uku a gasar duniya.

To ga wurin da nake so ku tsaya ku duba da kyau. A 2017, gasar duniya a Landan, a tseren ƙarshe na cin lambobi, tun gudun bai yi nisa ba, aka yi karo cikin cunkoso ta faɗi ƙasa wanwar, kuma ba laifinta ba ne. Wahalar shekara guda, fitar asuba, ciwon ƙafa, nisa da gida, duk sun tafi a 'yan daƙiƙu. Kafin ta miƙe na gaba sun yi mata nisa, ta san lambar yabo ta wuce ta, kowa a filin ya sani. Da ta koma gefe ta zauna wallahi ba wanda zai zarge ta. Amma ta tashi ta ci gaba da tsallake shingayen nan ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarasa a ta tara. Wannan ta taran ni ta fi min lambobin da ta ci daraja, domin gudu ne da ta san ba za a ba ta komai a kansa ba.

Mu fa in abu ya same mu ba da laifinmu ba a nan muke yada zango, shekara biyar kana ba da labarin wanda ya cuce ka. Eh an cuce ka ɗin, ban musa ba, kuma ƙaddara gaskiya ce, amma yarda da ƙaddara ai ba ita ce kwanciya a inda ka faɗi ba. Ɗan uwa tashi ka sake cike fom ɗin. 'Yar uwa koma wajen ɗinkin nan ko da keken aro ne.

Bayan shekara ɗaya da faɗuwar Gesa, 2018 a Balin gaban mutanen ƙasarta, ta ci zinare a gasar Turai, karo na biyu kenan don ta ci a 2016. A 2019 a Doha ta sake zuwa ta uku a duniya da minti 9 da daƙiƙa 3.30, mafi sauri da wata Bajamushiya ta taɓa yi. Kuma kada ku ɗauka komai ta nema ta samu, sau huɗu tana zuwa gasar Olamfik daga 2012 zuwa 2024 ba ta taɓa dawowa da lamba ba, mafi kusa ta biyar a Tokiyo. Ta haihu a 2023, mutane da yawa a nan za su ajiye takalmin, ita kuwa a watan Yunin 2024 tana Rum a gasar Turai, ta karɓi azurfa.