Lissafin Tsawa da Garin Barkono

A layinmu ni ne hukumar hasashen yanayi, kayan aikina kuwa kunne da yatsu. Da ka ga walƙiya sai ka fara ƙirga sakan har ka ji tsawa. Haske nan take yake isowa, amma sauti tafiyar kimanin mita 343 yake yi a sakan ɗaya, wato kilomita guda a sakan 3. Raba abin da ka ƙirga gida uku, nisan hadarin ke nan. In cida ce mai gurnani ƙasa-ƙasa, da sauran tafiya. In ta yi ƙara kamar an yage sabuwar shadda, bar ƙirge ka shige ɗaki. Abin da ya wuce kilomita 20 ma ba a cika jin tsawarsa ba, shi ya sa akan ga walƙiya shiru can gabas.

Rannan da la'asar uwargida ta baza barkonon da aka niƙo mata, tiya biyu, a kan tabarma don ya huce. Gabas ta yi baƙi.

"Malam, in kwashe?"

Na ɗaga mata hannu, na jira walƙiya, na ƙirga talatin. Kilomita 10. Hadarin damina a ƙasar Hausa daga gabas yake tasowa, kuma yakan yi gudun kilomita 50 a awa. Na ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, muna da minti 12."

To, tsawa nisan walƙiya kawai take faɗa maka, ba ruwanta da iska. Iska mai sanyi da ke saukowa daga cikin hadari, in ta bugi ƙasa sai ta ruga gaba, ta riga ruwan isowa da tazara mai yawa, ɗauke da ƙura. Ita ma tana da nata sautin: rufin kwano na ƙara gida bayan gida, ƙyauren maƙwabta na bugawa, awaki na kuka. Duk na ji su, amma ina tsakiyar yi wa yara bayanin rabawa da uku.

Tabarma ta tashi, barkono ya bi gari. Mu da ke tsakar gida muka fara, sai gidan baya, sai masu alwala a ƙofar masallaci. Har akuya atishawa take.

Ruwa kuwa ya sauko daidai lokacin da na faɗa. Na so a shaida hakan, sai dai babu mai iya buɗe ido ya duba agogo.