Damfa na je saya, damfara aka yi mini

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan mashin ɗina yana jingine a zaure an lulluɓe shi da tamfol, kuma duk lokacin da na gifta ta gabansa sai raina ya sake ɓaci. Injinsa lafiya lau. Abin da ya kwantar da shi damfar sitiyari ce, wani ɗan ƙarfe mai hana kan mashin girgiza da bai fi tsawon tafin hannu biyu ba, wanda wani mara tsoron Allah ya sayar mini, ya rantse ya maya cewa na ainihi ne.

Yamaha R6 nake hawa, ƙirar 2008, na hannu na saye shi kamar yadda kusan dukkanmu muke saye. Wanda ya san irin waɗannan mashinan ya san yadda aka gina su: gajeru ne, ba nauyi, wuyansu a tsaye yake, kusurwarsa ba ta wuce digiri 24 ba, don su riƙa shiga kwana da zarar ka yi niyya. Wannan saurin juyawar shi ne daɗinsu, shi ne kuma haɗarinsu. R6 ba ya fitowa daga kamfani da damfar sitiyari, mai shi ne zai nema ya ɗaura in yana so. Ban taɓa damuwa da hakan ba sai ranar da nake dawowa daga Zariya, na wuce Kwanar Dangora kaɗan, na fito zan sha gaban wata tirela. Na ba da wuta, gaban mashin ya yi sakayau, tayar gaba ta taka gaɓar wani faci da aka yi wa kwalta. Abin da ya biyo baya ba na fatan maƙiyina ya gani. Kan mashin ya fizge daga hannuna ya shiga kaɗawa dama da hagu, fat-fat-fat, sau bakwai ko takwas a daƙiƙa guda, har ƙarfen hannun yana dukan gefen tanki. Ƙafafuna suka zame daga mataki. Ba dabarata ce ta tsayar da shi ba, Allah ne ya sa sauran shan ruwana a gaba. Da ya lafa na kama birkin gaba, sai na ji hannun birkin ya taho har jikin roba babu komai, domin girgizar ta ture takalman birkin daga jikin faifansa, sai da na matsa sau uku kafin ya kama. Na sauka gefen titi na zauna a ƙasa, gwiwoyina suna rawa, ina ta salati.

A daren nan na ce ba zan sake hawa titi mai nisa ba sai da damfa. Aikinta ba wani ɓoyayyen abu ba ne. 'Yar shakazoba ce ta wuyan mashin: mai ne a cikinta, ana tilasta masa bi ta ƙaramar kafa. In ka juya kai a hankali man yana wucewa salin-alin, ba ka ma jin tana nan. In kuwa aka fizgi kan da ƙarfi, man ba ya samun hanya da sauri, sai ta turje ta cinye fizgar tun ba ta yi girma ba. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai kamar sanda, irin wadda Öhlins na ƙasar Suwidin da Hyperpro na Holan suka yi suna da ita, akwai kuma mai kamar ɗan akwati da ake ɗorawa a saman wuya, irin ta Scotts da GPR na Amurka. Honda ma tun 2004 ta sa wa CBR1000RR wadda kwamfutar mashin ke sarrafawa, tana sassautawa in ana tafiya a hankali, tana ƙara tauri in gudu ya ƙaru. Kuma masu yin mashin ba su ɗauki abin da wasa ba: a 1997 sai da Suzuki ta kira mashinanta ƙirar TL1000S ta ɗaura musu damfa saboda irin wannan girgizar. Duk wannan na karanta shi, na fahimce shi. Abin da karatu bai shirya ni a kansa ba shi ne halin 'yan kasuwarmu.

Na zaga shagunan kayan babur a garin nan, wallahi ko mutum ɗaya bai tambaye ni wane mashin nake hawa ba. Wani ya miƙo mini shakazobar but ɗin mota. Wani ya ce in ba da kuɗi gobe zai kawo, da na ce wace iri, sai ya ce: “Alhaji, ai duk ɗaya ne.” Duk ɗaya! Abin da kowane mashin yake da mariƙinsa da tsawon tafiyarsa daban. Daga ƙarshe aka haɗa ni da wani a WhatsApp, mai sayar da kayan manyan mashina daga wani gari. Ya turo hotuna, ruwan zinare tana sheƙi, ga sunan babban kamfani a jikinta. Na san sabuwa ta gaske da mariƙinta ɗaruruwan daloli ce, don haka na tambaye shi dalilin araharta. Ya ce daga jikin wani mashin da ya yi hatsari a Turai aka ciro ta, kuma ta R6 ce daidai. Ya ce: “Yallaɓai, ni ba na taɓa jabu, in ba ta yi ba ka dawo da ita, kuɗinka na nan.” Saƙon muryar yana cikin wayata har yanzu. Na tura masa naira dubu 185.

Bayan kwana huɗu na je tasha na karɓo ta cikin kwalin taliya, an naɗe ta da tsohuwar jarida. Babu takarda, babu lambar kamfani, mariƙin da ya zo da ita kuma ko kusa bai dace da ramukan mashin ɗina ba. Na kira shi, ya ce kowane bakanike zai iya daidaitawa. Bakaniken farko da na je wurinsa ya juya ta ya juya, sannan ya aiki yaronsa ya kira mai walda, wai za a liƙa mariƙin a jikin firam. Firam ɗin R6 na alminiyom ne, ba ƙarfen gadon kwana ba. Ka sa masa wutar walda a bakin titi, ka raunana ƙashin bayan mashin gaba ɗaya, kuma ba za ka sani ba sai ranar da ya tsage kana kai. Da na hana, sai ya ji haushi, ya ce shekararsa ashirin yana gyaran babur. Na yarda, amma babur ɗin da ya saba da shi in ya kai gudun 80 ya ƙure. Na ɗauki abina na tafi wurin masu tuƙa ƙarfe aka yanko mini wani mariƙin, kuɗi kan kuɗi.

Da aka ɗaura, tun kafin in fita daga layin na ji akwai matsala. Kan mashin ba ya kaiwa ƙarshensa ta hagu, sandar damfar ce ke ƙarewa ta tokare shi, alhali ita ba a yi ta don ta zama matokari ba. Ɗan maɓallin da ake murɗawa a ƙara tauri ko a rage, na murɗa shi tun daga farko har ƙarshe, ƙas-ƙas-ƙas yana ƙara, amma babu abin da ya canza. A tsakiya akwai wurin da take sakin jiki kamar babu ita, ka wuce nan kaɗan kuma ta cije. Wato daidai wurin da ake buƙatar ta riƙe, nan ne ba ta riƙe komai, wurin da ake so ta saki kuma nan take ƙanƙamewa. A wani shataletale cikin cunkoso na zo juyawa a hankali ta cije mini, saura ƙiris in kife a gaban Keke Napep. Kwana tara da ɗaurawa na fito da safe na tarar da mai yana ɗiga daga bakinta yana bin robar gaba, yana gangarawa wajen taya da birki.

Wani dattijon bakanike da abokaina suka nuna mini, wanda ya daɗe yana taɓa manyan mashina, shi ya kwance ta a gabana. Man da ke ciki tsararo ne kamar ruwa, rabinsa iska. Robar da ke tare man ta riga ta tsage, sandar tana da kaushi in ka shafa da farce, maɓallin kuma bai haɗu da komai ba a ciki, ado ne kawai. Ya dube ni ya ce: “Ɗana, wannan ko kamfanin da aka rubuta sunansa bai taɓa ganinta ba.” Irin waɗanda ake jibgewa a intanet kan 'yan daloli kaɗan ce, aka buga mata sunan mutane.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da dattijon ya yi bayan nan, wanda bai ɗauke shi minti goma ba. Ya sa aka ɗaga gaban mashin tayar ta bar ƙasa, ya juya kan a hankali da yatsa biyu, ya ce in taɓa in ji. A daidai tsakiya akwai ɗan gurbi da kan yake faɗawa. Boris ɗin wuya ya ci. Ya sunkuya ya karanta lambobi huɗun nan da ke gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: tayar gaban ta haura shekara bakwai, ta taurare, cinta kuma ya yi tudu da kwari. Ya sa ma'auni, iskar tayar gaba PSI 27, alhali littafin mashin 36 ya ce a gaba, 42 a baya. Mai facin da nake zuwa wurinsa da babban yatsa yake auna iska. Waɗannan su ne suka buɗe wa girgizar ƙofa. Ko ta ainihin na samu na ɗaura a kan wannan ɓarnar, rufe ciwo kawai za ta yi, ba magani ba. To a cikin duk mutanen da na bi ta hannunsu, masu shago da bakanike da mai turo hotuna, me ya hana ko ɗaya ya ce mini, Malam, ka duba boris, ka duba taya tukuna? Ko ba su sani ba, ko sun sani kuɗin ne kawai a gabansu. Kowanne daga ciki abin kunya ne ga mai cin abinci da sana'ar.

Na san akwai masu cewa wa ya aike ka sayen mashin ɗin gudu. Wannan maganar ba ta wanke kowa. Halal ɗina na sa na saya, ina da takarduna, ina sa hular kwano da rigar kariya, kuma neman damfar ma ai neman tsira ne. Wanda ya sayar da fitilar ado ta jabu ya ci kuɗinka ne kawai. Wanda ya sayar da damfar jabu ya sa ka yarda akwai abin da zai riƙe ka a daƙiƙar da hannunka ya gaza, ka ƙara wuta da wannan yardar, alhali babu komai a wurin. Ba abu ne da ake gwadawa a tsakar gida ba. Ranar gwajinsa ita ce ranar da rai ke hannun Allah, ga tirela a gefe, ga iyali suna jiran ka a gida. Da girgizar ta sake dawowa a cikin kwana taran nan, da yanzu wani labarin ake yi, kuma da mutane sun ce gudu ne ya kashe shi, babu wanda zai kwance ɗan ƙarfen ya duba.

Na tura masa bidiyon cikin damfar, da man, da robar da ta tsage. Ya saurara, ya kira ni. Mutumin da ke ce mini yallaɓai ya koma cewa: “Oga, ai ka ga hoto kafin ka biya, kuma kaya in an kwance ba ya dawowa.” Na tuna masa alkawarinsa da bakinsa. Ya ce bakanikena ne ya lalata ta. Na ce to mu haɗu a gaban shugabannin kasuwarsu a duba. Daga nan ya toshe lambata. Babu rasit, babu adireshin shago, sunan da ke kan asusun bankin ma ba shi ne sunan da ya gaya mini ba.

An canza boris, an sa sabuwar taya, na sayi ma'aunin iska nawa na kaina. Damfa ta ainihin kuma na ba wani ɗan'uwa da ke waje kuɗi da sunan mashin da shekararsa ya saya daga dila mai rajista, tare da mariƙinta, kuma mashin ba zai bar zaure ba sai ta iso. Jiya da daddare wani yaro a cikin ƙungiyarmu ta mahaya, wanda bai fi wata biyu da sayen mashin ba, ya turo mini hoto yana murna, yana tambaya ko farashin ya yi. Ruwan zinaren nan ne, a kan tabarmar nan, da labarin mashin da ya yi hatsari a Turai. A ƙasan hoton an rubuta saura guda biyu.