Jakar kurket da gara ta ci, da maganar ƙuri'ar jiha

Ranar da aka buɗe siton nan ina wurin. Ni ne ma na haska wa Baba maigadi fitilar waya yana lalube cikin damin makullai. Jakar kayan kurket, wasan nan da ake jefa ƙwallo wani ya doke ta da sanda, tana can ƙurya, ƙarƙashin karyayyun bencina da kwalayen alli, shuɗiya, doguwa kamar buhun gero. Da muka jawo ta waje muka zuge, ƙasa ce ta fara zubowa. Sandunan dukan ƙwallo huɗu ne a ciki, gara ta cinye biyu ta bar mana ɓawo, in ka danna da yatsa sai ya lotsa. Ƙwallayen fata sun bushe sun tsattsage. Kayan kare ƙwauri kuwa ɓera ya mayar da su ɗaki. Shekara uku ke nan da aka kawo jakar, aka yi hoto da ita, aka kulle, wai kada yara su lalata. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, ba kuma zan faɗi wanda ya riƙe makullin ba, don ba shi ne zancena ba.

Muna tsaye a kan jakar sai wani yaro ɗan aji biyu ya ce da ni, "Malam, wanga wasa wa ad da shi? Ƙwallon ƙafa mun san masu shi, wanga fa?" Na yi dariya na kore shi aji. Amma tambayar ta bi ni har gida, don ni malamin motsa jiki ne a nan Birnin Kebbi, kuma a ranar ba ni da amsar da ta wuce "suna Abuja".

To, suna Abuja ɗin, amma ba daga Abuja ikonsu ya fito ba. Abin da ya sa na zauna yin wannan dogon rubutu ke nan.

Hukumar kurket ta Najeriya, wadda ake kira NCF a taƙaice, ba jiya aka haife ta ba. Tun 1904 aka buga wasa tsakanin Legas da ƙasar da yau ake kira Gana. Farkon shekarun 1930 ƙungiya biyu ce, ta Turawa daban, ta 'yan ƙasa daban, sai a 1957 suka haɗe. A 2002 Najeriya ta shiga hukumar kurket ta duniya, ICC, mai mazauni a Dubai. Sai dai a can ɗin ma akwai ɗan gida akwai agola. Cikakkun mambobi goma sha biyu ne, irin su Indiya, Ingila, Ostireliya, Pakistan, Afirka ta Kudu da Zimbabuwe, su ke kwasar kaso mafi tsoka na kuɗi. Sauran ƙasashe sama da casa'in, har da mu, mambobi ne masu daraja ta biyu. Abin da ƙasa irin tamu ke samu daga Dubai ya danganta da abin da ta nuna a ƙasa: yara nawa ke wasa, gasa nawa ake yi, akwai ta mata ko babu, filaye nawa, an binciki littafin kuɗi ko ba a bincika ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Yadda ake kafa shugabancin hukumar kuwa, tsari ɗaya ne da na yawancin hukumomin wasanni a ƙasar nan. Duk shekara huɗu ake zaɓe. Kowace shiyya cikin shiyyoyi shida tana fitar da wakili guda, kuma shugabannin ƙungiyoyin jihohi ne ke zaɓensa. Sai a ƙara da kujerun da aka ware wa wasu ɓangarori, kamar 'yan wasa, masu horarwa da alƙalan wasa, mata, da masu ɗaukar nauyi. Wannan kwamiti shi ke fitar da shugaba da mataimakinsa. Haka aka samu Farfesa Yahaya Adam Ukwenya, likitan tiyata daga Zariya, a 2017, sannan Uyi Akpata, tsohon babban akanta, a 2021. 'Yan kwamiti ba ma'aikata ba ne, kowa da sana'arsa. Aikin yau da kullum na sakatariya ne: sakatare, masu kula da kuɗi, masu horar da ƙungiyoyin ƙasa, da jami'an da ake turawa shiyyoyi su shiga makarantu. Sama da su kuma akwai gwamnati, da ma'aikatar wasanni ce, amma tun Oktoban 2024 aka rushe ta aka dawo da Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko.

Yanzu ku dubi shiyyarmu. Jihohi bakwai ne: Kano, Kaduna, Katsina, Jigawa, Sakkwato, Zamfara da Kebbi. Wato mutum bakwai ke yanke wanda zai yi magana da yawun Arewa maso Yamma tsawon shekara huɗu, a ɗakin da ake raba kayan wasa, ake zaɓen inda za a gina fili, ake tsara inda jami'in horarwa zai zauna. Ƙuri'ar Kebbi nauyinta ɗaya da ta Kano. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a cikinku masu karanta wannan, wa ya taɓa jin an kira taro an ce yau za a zaɓi shugaban ƙungiyar wani wasa na jiha, makarantu su turo wakilai? Ban da ƙwallon ƙafa nake nufi, shi wannan nasa rikicin daban ne. Abin da muka saba gani a ƙananan wasanni shi ne a wayi gari a ji an naɗa wane. Sau da yawa mutumin kirki ne, mai rufin asiri, an ba shi ne don ana sa ran zai ɗan taɓa aljihu. Wani lokaci kuma ladan kamfen ne kawai. Na taɓa zama a mota ɗaya da wani shugaban ƙungiyar wani wasa daga wata jiha, muna dawowa daga taro. Na ce, "Ranka ya daɗe, makarantu nawa ke buga wasan a wajenku?" Ya ce, "Ai sakatare ne ke da lissafin." Na ce, "To yaushe kuka yi gasar ƙarshe?" Sai ya juya zancen ya koma kan tsadar mai. Mutumin nan yana da ƙuri'a. Malamin da ke tsaye a rana da yara talatin ba shi da ita.

Ra'ayina a nan shi ne: jihar da ba ta buga wasa kada ta yi zaɓe. Ƙuri'a ta biyo fili. In jiha tana son a ƙirga hannunta ranar zaɓen wakilin shiyya, ta kawo shaida: ga makarantu ko kulob-kulob masu rajista, ga gasar da muka yi bana da takardun maki, ga taron da aka zaɓe ni, ga inda kuɗi ya shiga ya fita. Ai abin da Dubai ke tambayar Abuja ke nan. Me zai hana Abuja ta tambayi Birnin Kebbi da Gusau irinsa?

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa mini a majalisa. Wani yayana a aiki ya ce, "Kai Malam, in aka yi haka ai mu za mu fara rasa ƙuri'a, Legas da Edo da Kaduna su cinye komai." Gaskiya ne, da farko za mu ji jiki. Amma ƙuri'ar da ake ɗauka a aljihu a kai otal sau ɗaya a shekara huɗu, me ta tsinana mana? Gara mu rasa ta shekara biyu, kunya ta sa mu tashi. Kuma sharaɗin ba sai ya yi tsanani ba. Makarantu takwas da gasa ɗaya a shekara ba su fi ƙarfin jihar da ke da ƙananan hukumomi 21 ba. Biyu a masarautar Gwandu, biyu a Argungu, biyu a Yawuri, biyu a Zuru, an gama.

Masu kuɗin wasan ma sai da suka bi ta wannan hanya. Hukumar Indiya, BCCI, tun 1928 take, kuma ita ma ƙungiyoyin jihohi ne mambobinta. Kuɗin da ke hannunta ya wuce hankali: haƙƙin nuna gasarta ta kulob-kulob, wato IPL, na shekara biyar, 2023 zuwa 2027, an sayar da shi sama da dala biliyan 6, kuma ita kaɗai ke karɓar kashi 38.5 cikin ɗari na rabon ICC. Duk da haka, da abin kunyar cogen wasa da caca ya fashe a 2013, Kotun Ƙolin ƙasar ta kafa kwamiti ƙarƙashin tsohon alƙalin alƙalai Lodha. A 2016 kwamitin ya kawo shawarwari: jiha ɗaya ƙuri'a ɗaya, minista ko ma'aikacin gwamnati kada ya riƙe muƙami, wanda ya haura shekara 70 ya sauka, wanda ya yi wa'adi ya huta kafin ya dawo. An sassauta wasu daga baya, don manya ba sa sakin kujera da daɗi. Amma ku lura da inda wuƙar ta nufa. Ba ta tsaya a shugaba ba, ta gangara har ƙungiyoyin jihohi, don nan ne tushen.

Sai maganar gwamnati, wadda ita ce mai wuyar sha'ani. Dokar ICC ta ce hukumar ƙasa ta tafiyar da kanta ba tare da katsalandan ɗin gwamnati ba, kuma ba wasa take ba. A Yulin 2019 ta dakatar da Zimbabuwe, cikakkiyar mamba, saboda hukumar wasannin gwamnati ta kori kwamitin kurket, sai a Oktoba aka dawo da ita. A Nuwamban 2023 Siri Lanka ta sha irin wannan, har aka ƙwace mata gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 19 aka kai Afirka ta Kudu. Sai dai kuma a Pakistan firaminista ne uban hukumar, kuma wanda aka ɗora a kanta a 2024, Mohsin Naƙbi, shi ne ministan cikin gida. Ba wanda ya dakatar da su. Kun ga doka ma tana duban fuska.

Mu dai a nan, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Muddin kuɗin mota zuwa gasar wasanni ta ƙasa daga ofishin gwamnati zai fito, to gwamnati ce za ta faɗi wanda zai shiga motar. Ban ce a kori gwamnati ba, ba mu da wannan gatan. Filin makaranta nata ne, malamin motsa jiki ita ke biyansa. Abin da nake so ta riƙe shi ne fili da albashi da tsaro, ta bar zaɓen shugaba ga masu wasa. Kuma a daina fafe gora ranar tafiya, a tara yara saura mako biyu gasa, a koya musu riƙe sanda, a kai su su sha kashi, a dawo a rubuta rahoto cewa jiha ta halarta.

Don kada a ce ban yaba ba, abin da hukumar ƙasa ta shuka a makarantu ya nuna. A 2019 samarinmu 'yan ƙasa da 19 suka ci gasar share fage a Namibiya, suka je gasar duniya ta 2020 a Afirka ta Kudu, karon farko a tarihin ƙasar nan. A Maris na 2024 matanmu suka ɗauko tagulla a wasannin Afirka a Akara. Ranar 20 ga Janairun 2025 kuma, a Maleshiya, 'yan matanmu suka yi maki 65 suka tsare Niyu Zilan a 63. Maki biyu tak, a kan ƙasar da ta shafe kusan ƙarni tana cikin manya. Na kalli ƙarshen wasan a waya a ɗakin malamai, wani abokin aikina yana ta tambayata wa ke ci, don shi bai ga raga ba. Yaran nan ba daga sama suka faɗo ba. Wani ya je makarantarsu, ya dawo, ya sake dawowa, wani kuma ya rubuta sunayensu ya aika. Ga shi a 2028 kurket zai koma gasar Olamfik a Los Anjalas, rabonsa da ita tun 1900.

Kuma wasan ba baƙo ba ne a Arewa kamar yadda ake zato. Dattawan da suka yi Kwalejin Barewa sun san shi. Yaron da ya tashi yana harbin tsuntsu da danƙo a gonar shinkafa, ko yana jifar mangwaro daga nesa ya sauko da wanda ya nufa, hannunsa ya riga ya san rabin aikin mai jifa. Tsadar ma ba ta kai yadda ake tsoro ba. Filin ciyawa irin na dandalin Tafawa Ɓalewa a Legas ko na babban filin wasa na Abuja sai hukuma, amma dogon daɓen siminti mai tsawon yadi 22 a tsakiyar filin makaranta, birkila ɗaya zai gama shi cikin kwana biyu.

Mu ko simintin ba mu samu ba tukuna. Sanduna biyun da gara ta raga mana su muke amfani da su, ɗaya an ɗaure mata mariƙi da robar tayar keke. Ƙwallon tanis muke naɗe wa salatif don ta yi nauyi, karan dawa uku muke kafawa a madadin sandunan da ake jifa, in iskar hunturu ta kayar da su kafin ƙwallo ta iso sai gardama ta tashi. Yaron nan mai tambaya shi ke riƙe littafin maki yanzu, littafin rubutu ne mai shafi arba'in, ya ja layuka da biro. Jiya na karɓa na ƙirga, sunaye ashirin da shida, bakwai mata. Na kwafe su a takarda mai kan makaranta, shugaban makaranta ya sa hannu. Ranar Litinin zan ɗauka in fara neman wanda ke riƙe da ƙuri'armu, in miƙa masa hannu da hannu, in kuma tambaye shi ranar taro.