Ciwon cikin yaro ba jari ba ne

Wato ita wannan Hajiyar da ta cika mana zauren WhatsApp jiya so take mu yarda kwalbar ƙwayoyin hanji masu amfani ta naira 45,000 za ta "wanke" galahanga, wato larurar da ke wahalar wa yaro magana da mu'amala, daga cikin yaro. Sannu likitar duniya! Abin da ya gagari Amurka ga shi an gano a shago a Tumfure, Gombe.

Wai bincike ya tabbatar. Da na Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka na 2017 take fakewa, kuma na san ko buɗe shi ba ta yi ba. Yara 18 ne kacal. Sai da suka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako 2, aka wanke musu hanji, sannan aka zuba musu ƙwayoyin da aka tace daga bayan gidan masu lafiya, likitoci na tsaye a kansu. Eh, cikinsu ya yi sauƙi. Amma ba a ware wasu yaran masu galahanga da ba a yi wa komai ba domin a kwatanta. Ina wannan, ina kwalbarki? A can ɗin ma, a 2019 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta yi gargaɗi bayan irin wannan dashen ya kashe wani majinyaci.

Ɗan yayata mai galahanga shekararsa 15. Yakan kwana biyar bai zaga ba, kuma ba shi da bakin cewa cikina. Sai ihu da buga kai a bango. Aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi. Ranar da likita ya danna cikin ya ce bushewa ce kawai, yayata kuka ta fashe da shi. Ruwa, ganye, maganin sassauta ciki, yaro ya samu barci. Galahangarsa na nan, amma azabar ta tafi. Ciwon ciki a yi masa maganin ciwon ciki, a daina sayar wa uwa mafarki.

Kada wani ya ce min "ai gwaji ba laifi". Da kuɗin wa? A cikin ɗan wa? Masu bincike a Ostareliya a 2021 sun nuna tsirfar abincin yaran ce ma ke sauya ƙwayoyin hanjinsu. Yaron da ba ya cin komai sai taliya, me kwalba za ta yi masa?

In ƙwayoyi masu amfani ake nema, ga kindirmo nan.