Bidiyo ba ya ganin gwiwarka

Shekaranjiya wani ƙanena ya turo min bidiyo ta WhatsApp. Wata mata ce 'yar ƙasar Sin cikin fararen kaya, tana ɗaga hannuwa sama a hankali kamar mai tallafe rufin ɗaki. A ƙasa ya rubuta: "Yaya, ba irin wannan kake yi bayan asuba ba? Na fara bi mako biyu ke nan, amma gwiwata ta hagu ta fara ciwo." Na ba shi amsa a can, sai dai maganar ta ƙi barina, shi ya sa na kawo ta nan. Mai gajen haƙuri ya wuce abinsa, rubutun da ɗan tsawo.

Abin da matar take yi sunansa Baduanjin, motsi takwas ne a jere, ɗaya daga cikin darussan abin da Sinawa ke kira qigong. Su suna furta shi kusa da "ci-gung". Ci ɗin nan shi ne numfashi ko kuzarin da suke cewa yana zagaya jiki, gung kuma ƙwarewar da ake samu bayan an daɗe ana wahala a kan abu. Ni na san shi ne lokacin da na zauna a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ina harkar turo kaya. Duk wanda ya yi wannan aiki ya san abin da yake yi wa bayan mutum: wuni a tsaye a kasuwa, dare a sunkuye ana ƙirga kwalaye a sito, sauran lokacin kana kan waya da masu kaya a gida, kowa na tambayar kwantenarsa. Ƙuguna ya riƙe har ruku'u sai na lallaɓa. Sai na yi irin abin da ƙanen nan nawa ya yi, na samo bidiyo, na jingina waya a kan firji, na shiga kwaikwayo.

Wata biyar ina yi, na haddace motsin takwas ɗin tsaf, har ina jin kaina wani ne. Rannan na ce bari in fita lambun Yuexiu, inda tsofaffi ke taruwa da sassafe, in yi cikin jama'a. Na samu gefe kusa da wata bishiya na fara. Ban kai motsi na biyu ba, wanda ake buɗe ƙafafu a ɗan tsuguna kamar mai jan baka zai harba kibiya, sai na ji an ɗan buga min gwiwa da mafici. Wani dattijo ne ɗan siriri, cikin singileti da takalmin yadi, butar shayinsa rataye a wuyan hannu. Bai ce uffan ba. Ya nuna gwiwata, ya nuna babban yatsan ƙafata, ya girgiza kai. Da na duba sai na ga gwiwar ta karkato ciki, ƙafar kuma tana kallon waje. Wata biyar ina murɗe gwiwata kullum da safe ban sani ba, alhali a bidiyon da nake bi gwiwar matar da ke ciki tana nan daidai saitin ƙafarta, kuma na kalle ta ya fi sau ɗari. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ashe har a tsayuwa haka ne.

Daga nan ya zagaya bayana ya ɗora tafukansa a kafaɗuna ya danna ƙasa, sai na ji sun sauka kusan tsawon yatsa biyu. Ban taɓa sanin a ɗage nake riƙe da su ba. Kalma ɗaya ya faɗa, wadda na ci gaba da ji daga bakinsa har na baro ƙasar: "fangsong", wato saki jiki. Da ya saurari numfashina kuwa, dariya ya yi. Na karanta a wani wuri cewa ana tura numfashi zuwa dantian, wani gurbi da ke ƙasan cibiya, don haka nake kumbura ciki da ƙarfi ina riƙe iska har jiri ya ɗebe ni, ni kuma ina murna wai ci ne ya fara motsi. Ya ce in bar numfashin ya yi abin da ya ga dama, ba yau aka haife ni da shi ba.

Abin da ya biyo baya ya ɓata min rai a lokacin. Ya hana ni motsin takwas ɗin gaba ɗaya. Ya tsayar da ni wuri guda, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a gaba kamar na rungumi randa, ya ce in tsaya haka. Wannan shi ne zhan zhuang, tsayuwar turke. Minti uku cinyoyina suka fara kaɗawa. Kusan mako shida ba abin da muke yi sai wannan, shi yana can yana hira da abokansa, jifa-jifa ya zo ya tura min haɓa ciki kaɗan ko ya taɓa ƙasan bayana da yatsa, ya koma. In na tambayi yaushe za mu ci gaba sai ya ce "man man lai", a hankali dai. Ina ce masa Laoshi, wato Malam. Kuɗi kuwa ko sau ɗaya bai karɓa ba. Ganyen shayi na kai masa da sabuwar shekararsu, shi ma sai da aka yi ja-in-ja.

Ra'ayina ke nan, kuma na san wasu za su musa: abin da kake nema a wurin malami a irin wannan fanni idonsa ne. Bayani ya cika duniya, kyauta ma. Amma bidiyo hanya ɗaya yake bi, kai kana ganinsa, shi ba ya ganinka. Jikin mutum kuma maƙaryaci ne ga mai shi. Karkacewar da ka shekara talatin da ita, ita kake ji a matsayin miƙewa, ranar da aka miƙar da kai sai ka ji kamar za ka faɗi.

Su kansu Sinawan tarihinsu ya nuna haka. A 1973 aka tono wani kabari a Mawangdui, a birnin Changsha, wanda aka rufe tun shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A ciki aka samu ƙyallen siliki ɗauke da zanen mutum 44, maza da mata, kowa cikin wani yanayi na motsa jiki, wasu har da ɗan rubutu a gefe mai faɗin ciwon da motsin yake magani. Zanen ya haura shekara dubu biyu yana nan. Amma yaya ake tashi daga wannan tsayuwa a shiga waccan, da wane sauri, ina ake shaƙar iska, ina ake fitarwa? Wannan ya bi masu shi ƙasa. Sai da masana na zamani suka zauna suka harhaɗa nasu tsarin a kan zanen. Kalmar qigong ɗin ma, a yadda ake amfani da ita yau, ba ta daɗe ba. Wani jami'in gwamnati mai suna Liu Guizhen ne ya yaɗa ta a shekarun 1950. Ciwon ciki ne ya kwantar da shi a ƙarshen shekarun 1940, aka mayar da shi garinsu, a can wani dattijo ya koya masa wata hanyar numfashi da natsuwa da ya gada, ya samu sauƙi. Daga baya aka ba shi wuraren jinya a Tangshan da Beidaihe yana koyarwa. Duk wannan abu da ya game duniya, in ka bi diddiginsa, a gaban wani tsoho a ƙauye za ka tsaya.

Akwai wani labari a tsohon littafin Zhuangzi, ɗaya daga cikin ginshiƙan tafarkin Dao, tsohon addini da falsafar Sinawa, da nake so ƙwarai. Wani sarki yana karatu a soro, a tsakar gida kuma wani masassaƙi yana sassaƙa ƙafar keken doki. Masassaƙin ya ajiye kayan aikinsa ya tambayi sarki me yake karantawa. Sarki ya ce maganganun masu hikima. Suna raye? Sun mutu. Sai ya ce to ai dusarsu kake karantawa. Sarki ya fusata, ya ce ko ya yi bayani ko ya rasa ransa. Masassaƙin ya ce in ya sassauta sara, ƙafar ba za ta kama ba, in ya tsananta, ba za ta shiga ba. Tsakanin nan hannu ne yake ganewa, baki ba ya iya faɗa, ko ɗansa na cikinsa ya kasa sanya wa, shi ya sa ya kai shekara saba'in yana sassaƙa da kansa. Ka lura, labarin bai ma yi wa malami alfarma ba, tunda uban ya kasa ba ɗan. Iyakar abin da malami zai iya shi ne ya tsaya a kanka yana cewa "ba haka ba", har hannunka ya gano da kansa.

A ɓangaren masu zurfafawa cikin Dao abin ya fi haka tsanani. Littattafansu na tarbiyyar jiki da ruhi cike suke da zaurance: dalma da zaiba, damisa da dodon ruwa, tukunya da murhu, duk kuma abubuwan cikin jiki da zuciya ake nufi. Da gangan suka rubuta haka, suka bar mabuɗin a abin da suke kira koujue, sirrin da ake faɗa baki da baki. Zhang Boduan, wanda ya rubuta ɗaya daga cikin manyan littattafan fannin a 1075, ya faɗa ƙarara cewa ko basirarka ta wuce ta fitattun almajiran Confucius, babban malamin hikimar Sinawa, in ba ka gamu da malamin gaske ba, kada ka tilasta wa kanka kintace. Ɗariƙar Quanzhen da Wang Chongyang ya kafa a ƙarni na 12 har yau tana riƙe da salsalarta, kowane almajiri ya san shi na nawa ne a jerin. Mu da muka tashi a karatun zaure wannan ba baƙon abu ba ne. Wa ya taɓa gyara makhrajin harafi daga takarda? Sai ka karanta, malam ya ce maimaita.

A nan zan tsaya in faɗi iyakata, don na san tambayar tana zuwa. Dao addini ne mai ɗakunan bauta da gumaka da turare, na gan su da idona. Ni Musulmi ne, abin da na ɗauka tsayuwa ce da miƙa jiki da sassauta numfashi. Dattijon nan bai taɓa kira na ga wani abu da ya wuce haka ba, da ya kira ma da mun rabu lafiya.

To amma kada wani ya ɗauka duk wanda aka kira malami shi ke nan. Buƙatar malami ita ce ƙofar da 'yan damfara suka fi shigowa. A shekarun 1980 zuwa 1990 Sin ta yi abin da ake kira zazzaɓin qigong, miliyoyin mutane suka cika lambuna da filayen wasa suna bin "manyan malamai". Wani mai suna Yan Xin har aka yi ta yaɗa cewa da ƙarfin ci ɗinsa ya taimaka wajen kashe gobarar dajin Daxing'anling ta 1987, yana zaune nesa da wurin. Wang Lin na lardin Jiangxi yana fito da macizai daga kwanon da ba kowa a ciki, attajirai da taurarin fim suna layi a gidansa. An kama shi a 2015 bayan an kashe wani attajiri da ya taɓa zama almajirinsa, ya mutu a 2017 shari'a ba ta ƙare ba. A zamanin zazzaɓin qigong ɗin likitocin ƙwaƙwalwa a Sin suka ga masu ruɗewa saboda wuce gona da iri a atisayen numfashi, har suka sanya matsalar a kundin cututtukansu. Masu fannin dama suna da suna gare ta, zouhuo rumo, wuta ta kufce aljani ya shiga. In na tuna jirin da nake yi wa murna a ɗakina, sai in ga ban yi nisa da bakin wannan rami ba.

Abin da na lura, na ƙaryan kullum ƙara maka yake yi: ƙarin sirri, ƙarin mataki, ƙarin kuɗin mataki, ga alƙawarin warkar da ciwon suga da hawan jini ba tare da asibiti ba. Nawa tsohon ragewa ya yi ta yi. Ya rage min motsi, ya rage min ƙarfi, ya rage min zumuɗi. Ranar da na ce masa ina jin ɗumi a tafin hannu, ina jiran ya ce na kai wani matsayi, cewa ya yi jini ne yake gudu, in mayar da hankali kan ƙafata.

Saura mutumin Kano ko Maraɗi da ba shi da lambun Yuexiu a bayan gida. Ba zan ce ya haƙura ba. Baduanjin ɗin da ke yawo a intanet, yawanci tsarin da hukumar wasannin Sin ta daidaita ne a 2003 don gama-garin mutane, shi ne ma aka ga marasa lafiya suna yi a asibitocin wucin gadi na Wuhan lokacin korona a 2020. Mai sauƙi ne, yi abinka. Amma kada ka tsuguna da zurfi, kada ka riƙe numfashi, ka bar duk wani darasi mai maganar zagaya ci ta ƙashin baya. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo ta gaba da ta gefe, ka kalli kanka kamar kana kallon wani, abin da za ka gani zai ba ka kunya. In gaɓa ta yi ciwo, wanda ba gajiyar tsoka ba, ka tsaya ka nemi likitan ƙashi ko mai gashin ƙashi na asibiti ya duba yadda kake tsayuwa. Shi ma ido ne.

Ƙanen nawa dai na ce ya daina har sai mun haɗu. Jiya bayan la'asar ya zo, na ce ya yi min jan bakan nan a tsakar gida. Ya buɗe ƙafafu, ya tsuguna, gwiwar hagu ta karkato ciki, daidai irin tawa. Ba mafici a kusa, sai na ɗauki muciyar da matata ta jingine a bakin madafa na ɗan taɓa gwiwar. Ya duba ƙasa, ya ɗago ya ce, "Wallahi Yaya ni ji nake a miƙe take." Yanzu haka na tsayar da shi rungume da randa, jibi zai dawo, yana ta ƙorafin cewa shi motsi takwas ya zo koyo.