Dambe daban, tare hanya daban

Daren Juma'ar da ta wuce saura kaɗan mu ɓata da abokina a kan takarkari. Takarkarin cikin gem nake nufi, kafin wani ya tambaye ni ko na koma kiwo. Mu huɗu muke buga Albion Online a waya, mun yi dare uku muna sarar itace da jimar fata, muka loda wa takarkari za mu kai Caerleon saboda can kaya suka fi daraja. Duk wanda ya san gem ɗin ya san garin nan jajayen yankuna ne suka kewaye shi, inda in aka kashe ka komai naka ya zube ƙasa. Muna cikin tafiya mahaya bakwai suka faɗo mana. Ko minti ɗaya ba a yi ba muka farka a gari tsirara, ba takarkari, ba kaya, ba ko sandan da mai maganinmu ke warkar da mu da shi.

Nan take abokin nawa ya goge gem ɗin daga wayarsa. Hujjarsa ita ce shi ya zo a haɗa kai a kashe dodanni ne, a gina ƙungiya, a yi hira, to me ya kawo kisan juna cikin wasan taimakon juna? Ni ma raina a ɓace yake, amma ban yarda da shi ba, kuma har yau ban yarda ba. Sai dai ban kuma yarda da mutanen nan masu cewa in ba ka iya ba ka koma Ludo ba.

Wannan gardama ta girmi yawancinmu. A watan Agustan 1997, ana gwajin Ultima Online tun ba a sake shi kasuwa ba, mai gem ɗin da kansa, Richard Garriott, ya shigo a matsayin sarki Lord British zai yi wa jama'a jawabi. Ashe an manta ba a mayar masa da kariyar da ke hana shi mutuwa ba, wani ɗan wasa ya watsa masa tsafin wuta, sarki ya faɗi matacce a gaban talakawansa. Abin dariya ne a ranar, amma alama ce ta abin da ke tafe. Bayan an saki gem ɗin, da ka fita daga garin da dogarai ke tsaro, kowa na iya kashe ka ya kwashe kayanka. Masu haƙar ma'adinai da masu kamun kifi suka zama nama. A shekarar 2000 kamfanin ya raba duniyar biyu: Trammel, inda ba mai taɓa ka sai da yardarka, da Felucca, inda doka ta dā take. Jama'a suka yi ƙaura zuwa Trammel, aka bar maharan suna zagaye a daji suna neman wanda za su kashe.

Wannan ƙaurar ita ce ta tona asirin maganar. Da faɗa suke so, ai ga 'yan uwansu mafaɗata nan an bar musu, sai su kara. Amma kukan da suka yi ta yi shi ne an kashe gem. Abin da suka rasa shi ne mai gatari da ba ya iya ramawa.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya rikita mu ba. A gidan dambe ma kisa ake cewa in an kai mutum ƙasa, ana kiɗa, ana kirari, ana liƙi, ba wanda ke cewa an yi zalunci. Saboda me? Kowa da ƙafarsa ya shigo fage, kowa ya ɗaure hannunsa, kuma in wanda ya fi ƙarfinka ya nuna ka kana iya ƙin fita. Amma ɗan damben nan in ya fita waje ya sami mai tallan gyaɗa ya narka masa naushi, ba makaɗin da zai wasa shi. Hannun ɗaya ne, naushin ɗaya ne. Mu kuwa da muke ƙasar da tare hanya ba labarin gem ba ne, ba sai an yi mana dogon bayani a kan bambancin ba.

To amma ga inda na rabu da abokina. Mu ba mai tallan gyaɗa ba ne a daren nan. Albion ya raba ƙasarsa da launi ƙarara: a shuɗi ba mai taɓa ka, a rawaya ana iya buge ka amma ba a kwashe kayanka, a ja da baƙi kuwa sai abin da Allah ya yi. Kafin ka tsallaka ana gargaɗinka. Akwai kasuwa a garinmu, kwaɗayin ribar Caerleon ne ya fitar da mu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuma ribar nan da muke bi, daga ina ta fito? Daga haɗarin hanyar. Da kowa zai iya kai kaya lafiya lau, da farashin can da na nan sun daidaita. Ƙari a kan haka, kusan duk takobi da sulke da ke gem ɗin 'yan wasa ne ke ƙera su, kuma duk wanda aka kashe wani ɓangare na kayansa lalacewa yake yi gaba ɗaya. Shi abokin nawa maƙeri ne a gem ɗin. Cinikin da yake yi kullum, mutanen da aka kashe jiya ne ke zuwa sayen sabon sulke. Faɗuwar wani tashin wani, sai da abin ya zo kansa ya ga muninsa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Dodon kwamfuta, komai girmansa, karatu ne: ka haddace lokacin da zai yi tsalle da lokacin da zai fesa wuta, a karo na goma kana kashe shi kana cin gurasa. Ban taɓa ganin mu huɗun nan mun haɗa kai kamar ranar da muka san mutane ne ke farautarmu ba. Ɗaya na gaba yana leƙen hanya, ɗaya na baya, an yi tsit a waya ba mai wasa da dariya. Tsoron ɗan Adam ne ya sa muka zama ayari.

Kamfanin Jagex ya gwada cire abin ya gani. A watan Disambar 2007 suka hana kisan juna a dajin RuneScape da ake kira Wilderness, don toshe hanyar masu sayar da zinaren gem da kuɗin gaske. Ba a daina ƙorafi ba har sai da aka yi ƙuri'a, sama da mutum miliyan ɗaya suka jefa, kashi 91 cikin ɗari suka ce a dawo da shi, aka dawo da shi a Fabrairun 2011. EVE Online kuwa, gem ɗin jiragen sararin samaniya na kamfanin CCP da ke ƙasar Iceland, da faɗan yake rayuwa. A Janairun 2014 wata ƙungiya ta yi sakacin biyan kuɗin riƙe wani yanki mai suna B-R5RB, sai yaƙi ya ɓarke na awa 21, aka farfasa manyan jiragen Titan 75, asarar da aka ƙiyasta ta kai wajen dala dubu 300. Ba marubucin da ya tsara wannan. Kuma dubban mutanen da ke kowane ɓangare haɗin kai suke yi, irin wanda kashe dodo ba ya bukata.

Inda nake tsayawa tare da abokina shi ne inda aka rufe wa mutum ƙofa. Ku tuna World of Warcraft Classic, gem ɗin da 'yan wasansa suka kasu ɓangare biyu masu gaba da juna, a Nuwamban 2019, lokacin da aka fara ba da lada a kan kashe 'yan ɗaya ɓangaren alhali ba a buɗe filayen da aka keɓe don yaƙi ba tukuna. A sabobin (wato kwamfutocin kamfani da 'yan wasa ke haɗuwa a kansu) da ɓangare ɗaya ya fi yawa, sai aka koma kashin dankali. A tsare tashar sauka, a tsare hanyar dutsen Blackrock, mutum ya mutu sau biyar ko fiye kafin ya isa bakin kogon da abokansa ke jiransa. Za a ce ai su suka zaɓi sabar faɗa. Haka ne, amma sun zaɓi faɗa ne, ba su zaɓi mutum ashirin a kan ɗaya kowane dare ba. Marasa rinjaye suka tattara suka bar sabobin, masu rinjaye suka wayi gari ba abokin karawa, tamkar Felucca ta dawo. Abin mamaki, tun 2018 Blizzard, mai World of Warcraft, ta magance wannan a babban gem ɗin, ba Classic ba, da War Mode, wato makunnin shiga faɗa: ka kunna da kanka a babban birni, a ƙara maka kashi 10 cikin ɗari na lada, in ka gaji ka kashe. Amazon ma sai da ta sauya New World zuwa faɗan ganin dama kafin fitowarsa a 2021, bayan ta ga yadda ƙwararru ke yi wa sababbin shiga kisan mummuƙe a lokacin gwaji.

Sannan akwai namu na gida, wanda masu tsara gem a Berlin ko Kalifoniya ba sa lissafawa. Sabar da ta fi kusa da mu tana Turai. Kafin bugunka ya je ya dawo, wanda ke zaune kusa da ita ya yi maka biyu. Dodo yana yafe jinkirin netwok, mutum ba ya yafewa. Ga ɗauke wuta, ga data da ke ƙarewa ana tsakiyar artabu, ga kira da zai shigo daga gida a ce ka sayo Maggi. Gem ɗin da ya sa duk wani abin kirki a filin kisa, ya ce ba ka ci gaba sai ta nan, mu ya fara kora. Shi ya sa nake son a bar mini hanya mai tsawo mai ƙaramar riba, in na ga netwok ya yi kyau kuma zuciyata ta yi ƙarfi, in bi gajeriyar da kaina.

Shekaranjiya da daddare sai ga saƙon abokin nawa: wai nawa takarkari yake yanzu a kasuwa? Ashe ya sake sauke gem ɗin, da datar da yake ta kuka a kanta. Mun yanke shawarar wannan karon za mu raba kayan gida biyu, mu tashi bayan sallar asuba lokacin da hanya ta fi shiru. Muna neman mutum na biyar mai doki mai gudu da zai riƙa yi mana gaba, in akwai mai sha'awa ya yi magana. Sharaɗi ɗaya ne, wayarka ta kasance da caji.